Wace Rama Kike Yi Mata?

Zandam, ta Gwaram
Farkon damina, 1975

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mutanen gida kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Malam Datti yana gaishe ki. Ƙafar tasa tana nan yadda kika sani, in hadari zai haɗo ita take fara sani kafin kowa a garin. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, Allah ya sa albarka.

Kada ki yi mamakin rubutun, hannuna ne. Tun bara nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da Malama Hadijatu take yi wa matan unguwa bayan la'asar. Na shiga ne saboda na gaji da faɗa wa wani abin da yake cikina, ya rubuta rabi ya bar rabi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Talatu dillaliya ta dawo daga kasuwar Birnin Kudu ta ce ta ga motar mijin 'yarki a ƙofar asibiti, ta kuma ga an fito da 'yar taki ana rirriƙe da ita. A wajen taron suna ta faɗi haka, a gaban mata, kowa ya juyo yana kallona. Na yi abin da aka san uwar 'yar fari da shi, na ci gaba da hirata kamar ba da ni ake ba. Da na koma gida ko tuwo ban taɓa ba.

Yaya, na san taki ce. Ranar da aka yaye ta ke kika goye ta kika tafi, ko ƙofa ban leƙa ba. Sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, ga shi yau a takarda ma alƙalamin ya ƙi. Ke take ce wa Inna, ni kuwa Goggon Zandam. Ban taɓa cewa uffan ba. Amma kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, bai kamata a ce a bakin dillaliya zan ji labarin ciwo ba.

Ni ba zan iya tasowa ba, ba mai kula da Malam, kuma kin san abin da za a ce in an ga na ruga. Ki ba Talatu amsa ranar kasuwa. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage.

Ni ce ƙanwarki,
Safara'u

Birnin Kudu
2 ga Yuli, 1975

Safara'u,

Wa'alaikumus salam. Ashe boko ya iso Zandam. Na ga rubutunki, ya fi na wasu da suka ƙare firamare, sai dai kina danna alƙalami kamar mai shuka a ƙasa mai tauri. Muna lafiya. Ki gaishe da Malam, ki ce masa ya riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi.

Ban ɓoye miki ba, na bari ne sai na san abin da zan faɗa. Safiyatu ta daɗe tana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman in ta ci abu mai maiƙo. Likita ya duba ya ce tsakuwa ce ta taru a matsarmamarta, sai an yi mata tiyata an cire. To ga inda gizo yake saƙa. Ya ce ba zai taɓa ta a yadda take ba. Kitsen cikinta ya yi kauri, kuma allurar barci ba ta shiri da mai ƙiba. Ya ɗora ta a sikeli irin wanda ake auna buhun gyaɗa, ya girgiza kai. Ya ce sai ta ragu sosai, kuma da wuri, domin in damina ta yi nisa zai tafi hutu ƙasarsu, ba a san ranar da za a kawo wani ba.

Kin san gidan mijinta tun da kwangila ta buɗe masa. Kaji, shinkafa, lemon kwalba, madarar gwangwani, baƙi ba dare ba rana. Wa zai rame a can? Na ɗauko ta na dawo da ita ɗakinta na ƙuruciya.

Kin ce kada in rage, to ga abin da aka yarje mata. Ganye dai. Zogale, alayyafo, rama, lalo, kuɓewa, yalo, tumatir, albasa, da kabeji in an samu. A dafa da ruwa da ɗan gishiri, ba mai, ba ƙuli. Kifi kaɗan ko tsokar kaza ba fata, da kunu marar sukari rabin ludayi biyu da safe. Dankali, rogo, gwaza da masara kuwa ya ce a yi musu sallama, gyaɗa ko ƙamshinta. Tuwo sai dai ta gani a hannun yara. Rannan ta ce mini, “Inna, ni akuya ce?” Na ce, “Akuya ai tana samun dusa.” Ta yi dariya har sai da gefen ya motsa.

Kada ki tayar da hankalinki. Ƙibar nan da hannuna na gina ta, da hannuna zan rushe ta. Tun ranar da muka dawo rama nake mata safe da yamma, kuma ba zan sassauta ba sai na ga ƙashin wuyanta ya fito.

Ki yi mata addu'a daga nan, ya isa.

Yayarki,
Turai

Zandam
Ana noman farko

Yaya Turai,

Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki, Allah ya ba ta lafiya. Mun kwana lafiya, sai Malam da tari ya ɗan taɓa, ya yi sauƙi.

Takardarki ta iso. Ni ba mai saurin karatu ba ce, da yatsa nake bi, shi ya sa ba abin da yake wuce ni. Na zo wurin da kika ce rama kike mata, nan na tsaya. Na koma baya na sake biyowa, nan dai na sake tsayawa. A baki, da kin faɗa zan san wadda kike nufi, amma takarda ba ta da murya. Ni rama uku na sani. Akwai ta bayan ɗaki da ake tsinkowa a yi kwaɗo. Akwai ta jiki, wadda ciwo ko baƙin ciki yake sa mutum. Akwai kuma wadda ake yi wa wanda ya yi maka laifi. Na kai wa Malama Hadijatu, na rufe sauran da hannu na nuna mata layin kaɗai. Ta ce duka ukun haka ake rubuta su. To wace ce taki?

Ba zan ɓoye miki abin da ya zo raina ba. Babbar sallar da ta wuce ta zo mana da niyyar wuni, ta zarce har kasuwa ta zagayo. Ba ni na riƙe ta ba, ko hira ba mu yi ba, tana tsakar gida ina ɗaki. Amma an ce mini da ta koma kin yi kwanaki ba kya amsa gaisuwarta da kyau. In wannan ne, ni ce mai laifi, ki rama a kaina.

Yaya, ganye da ruwa da gishiri? Shekarar farin nan da ta wuce, da rumbu ya ƙare muka koma tafasa, ko a lokacin sai da muka nemi ɗan ƙuli muka barbaɗa don kada yara su gane an kai maƙura. Yau ga arziki ya shigo ƙasa, direbobi ma suna sayen rediyo, a ce matar Alhaji tana cin abin da ya fi na fari muni.

Kuma ki fahimtar da ni. Dankali da alayyafo lambu ɗaya suke fitowa, rijiya ɗaya ake ba su ruwa. Ta yaya ɗaya ya zama magani ɗaya ya zama guba? Ko likitan a ƙasarsu ba su san dankali ba ne?

Shekara da shekaru in ta shigo garin nan ta cika ƙofa, mata suna cewa, “Kai, Turai ta iya riƙo.” Ina ji, ina murmushi. Ba wanda ya taɓa cewa Safara'u ta iya haihuwa. To yanzu an ce ƙibar ce ciwon. Ban ce komai ba, na dai tuna ne.

Ina jiran amsa. Wace rama?

Safara'u

Zandam
Watan Azumin Tsofaffi

Yaya Turai,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu, ba akasinta ba. Mu muna nan. Ruwa ya yi yawa, katangar bayan gida ta zube, gero kuwa ya kai ƙugu.

Kasuwa ta ci ta sake ci, Talatu tana dawowa hannu wofi. Na farko ta ce kin ce kina aiki. Na biyu ta ce kin karɓi gaisuwata kin ce madalla. Daga nan rafi ya cika, mota ta daina wucewa, na zauna ina kallon hanya kamar mai jiran bashi. Da hanya ta buɗe ta sake zuwa, ba takarda.

Amma ta ga 'yarki. Ta ce ta same ta zaune a tabarma da tasa a gaba, tana juya ganye da yatsa ba ta kaiwa baki. Ta ce awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu, zane ya zagaye ta ya yi saura. Ta ce da yarinyar ta gan ta sai ta ce, “Ya Goggon Zandam?” Daga nan ba ta ƙara ba, domin kina tsaye.

Tambaya ɗaya na yi miki. Da ta bayan ɗaki ce, kalma biyu ta isa. Shirunki ya ba ni amsa.

Na san ba ni da bakin magana. Wanda ya ba da kyauta ba ya bin ta da ido. Amma ba a ce kada ya yi mafarki ba. Ina ganinta tana ƙarama kamar ranar da kika ɗauke ta, tana miƙo hannu, ni kuma hannuwana suna cikin ƙullu.

Ga kwandon rama nan na ba Talatu ta kawo miki, da zogale busasshe, don kada a ce mutanen ƙauye ba sa jin maganar likita. Abin da uwa za ta iya daga nesa kuma, na yi.

Ki huta lafiya.
Safara'u

Birnin Kudu
4 ga Agusta, 1975

Safara'u,

Muna gaisuwa. Mai jiki da sauƙi yanzu, amma saura ƙiris da wata takarda daban zan rubuto miki. Ki zauna kafin ki karanta.

Ramar bayan ɗaki ce. Wadda ake tsinkowa, a wanke, a dafa. Ga kalma biyunki. Na ƙi amsawa ne don haushi. Mace ta goyi yarinya, ta yi jinyar ƙyandarta, ta kai ta makaranta ana zaginta, ta aurar da ita, sannan a tambaye ta ko fansa take ɗauka a kan cikinta. Na ce bari in bar ki da ramarki uku ki zaɓa. Da na san abin da za ki zaɓa, da na amsa a ranar.

Da farko sikeli yana ta sauka, likita har yana yi mini wasa yana cewa zai ɗauke ni aiki. Sai ya tsaya cak. Na rage kifi, na rage kunu, bai motsa ba. Abin da ya ba ni mamaki, yarinyar da take juya ganye sai ta koma cewa, “Inna, kawo in shiga da shi ɗaki, ƙuda ya yi yawa a waje.” Tasa tana fitowa kamar an wanke. Ni kuwa ina ta murna ta saba.

Ranar da aka sa za a kwantar da ita, muka je da tabarma da buta. Likita ya ɗora ta a sikeli, ya dube ni ya ce, “Hajiya, me take ci?” Na ce ganye. Ya ce ganye ba ya yin haka. Ya ce mu koma gida. Washegari da azahar ciwon ya tashi irin wanda bai taɓa yi ba. Ta yi ta amai, idonta ya yi rawaya, ta riƙe ƙafar gado tana salati. Da ƙyar aka kai ta mota. Sai da aka ƙara mata ruwa kwana da kwanaki.

Da na dawo ɗaukar mata kaya na ja akwatin ƙarƙashin gado. Kwalbar man shanu soyayye, saura kaɗan a gindi. Dakakken ƙuli da yaji a ƙunshi. Dakuwa. Ban tambayi kowa ba. Ɗaurin tsumman bakin kwalbar ma ya isa, duk danginmu ke kaɗai kike ɗaurin nan da ba ya kwantuwa sai da haƙori.

Da ta farfaɗo na ajiye kwalbar a gabanta. Na ce, “Safiyatu, ke da kika yi makaranta, ba ki san wannan zai iya kashe ki ba?” Ta ce ta sani. Na ce, “To don me?” Ta juya fuska bango ta ce, “Inna, tunda nake, Goggo ba ta taɓa aiko mini da abu ni kaɗai ba. In ta aiko, naki ne ko na yara. Wannan Talatu ta ce an ce a sa a hannuna. Yaya zan zubar?”

Kin ji. Shekara talatin ina ce mata bari tana bari. Kwalba ɗaya daga Zandam ta kayar da ni. Kina can kina ƙirga wa ake ce wa Inna, ni ina nan na san tun tana ƙarama in an ce ga baƙi daga Gwaram sai ta wanke ƙafa ta zauna a zaure. Ke ba ki gani ba, kina ɗaki kina kunya.

Likita ya ce zai ba mu dama ɗaya kafin ya tafi. In sikeli bai sauka ba, sai dai a jira wani, kuma ya ce tashi irin wancan in ya sake zuwa bai san yadda zai ƙare ba. Yanzu ko ganyen ta daina ci. Ta ce kunya take ji, tawa da taki.

Na share miki ɗaki. Ki nemi mai zama da Malam ki zo ki karɓi 'yarki. Tunda naki take ci, ki zo ki ba ta. Ni na gaji.

Turai

Zandam
Gero ya fara fitar da kai

Yaya Turai,

Ina gaishe ki da jinya, ina gaishe ki da haƙuri. Allah ya saka miki. Malam ya sa almajiransa manya sun yi mata saukar Alƙur'ani, bai san dalilin tashin ciwon ba, ni kuma ban iya faɗa masa ba tukuna.

Na karanta takardarki a bayan rumbu. Da na zo wurin idonta ya yi rawaya sai na zauna a ƙasa. Ni na soya man nan da hannuna, na tace shi sau biyu don ya yi kyau. Ina tacewa ina cewa a raina, bari Turai ta gani ko ita kaɗai ta iya.

Zan faɗa miki wani abu, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Wurin da ta ce yaya za ta zubar, na karanta shi ya fi a ƙirga. Ina kuka, amma wani gefe na zuciyata yana jin daɗi. 'Yata ta kusa mutuwa, ni kuma ina jin daɗin ta cinye. Na yi istigfari, daɗin bai tafi ba.

Shi ya sa ba zan zo ba. Ba Malam ba ne, ƙanwarsa ta ce za ta zauna da shi. Ba kunya ba ce kuma. Na ɗaure kaya har na kai zaure, sai na tambayi kaina, in ta dube ni ta ce Goggo yunwa, me zan yi? Zan ba ta. Na san kaina. Ban taɓa samun damar ba ta ba, balle in koyi hana ta. Ke kin ba ta har kin ƙoshi, shi ya sa kike iya cewa a'a. A yanzu mai cewa a'a take bukata. Kada ki gaji, Yaya. Na roƙe ki.

Ga abin da zan iya. Kowace kasuwa Talatu za ta kawo kwando, a hannunki za ta sa. Da kaina zan tsinko a bayan ɗakina da sassafe. Ki dafa yadda likita ya ce, ruwa da gishiri. In kin ajiye mata ki ce daga Zandam ne, nata ne ita kaɗai, ba na yara ba, ba naki ba. Ki ce Goggo ta ce a cinye, kuma Goggo ta ce kada a ƙara komai. In tana ganin ba a zubar da abin da na aiko, to kada ta zubar da wannan.

Na sa rama da alayyafo da kuɓewa ɗanya. Akwai gurji da yakuwa da ganyen kabewa a ƙunshi daban, ban ga sunansu a takardarki ba. Ki tambayi likita kafin ki ba ta. In ya ce a'a ki ba awaki. Dankalin da na haƙa na raba wa maƙwabta, ba na son ganinsa.

Abu ɗaya zan roƙa. Malama Hadijatu ta ce wanda aka yi wa allurar barci, in yana farkawa yakan kira wanda yake can ƙasan zuciyarsa, bai ma san ya kira ba. In Allah ya kai mu, ki tsaya kusa. Ki faɗa mini wa ta kira. Ko ba ni ba ce, ki faɗa.

Ƙanwarki,
Safara'u

Birnin Kudu
30 ga Agusta, 1975

Safara'u,

Albishirinki. Ki ba Talatu goron, ni na yafe. An yi, an gama, tana lafiya. Alhamdu lillahi.

Dabararki ta ci, ba zan hana ki ba. Ranar da kwandon farko ya zo na faɗa mata yadda kika ce. Ta cinye tas, har ta sha ruwan. Ni na tsinko, na ce ba daɗi. Ke kin tsinko, ganyen nan dai, tukunyar nan dai, ya zama nama. Na haɗiye. Likita ya yarda da gurji da yakuwa da ganyen kabewa, ya ce ita kabewar ce dai a yi kaɗan. Na tambaye shi zancen dankalinki. Ya ce abin da tsiro ya ɓoye a ƙasa ajiyarsa ce, mai son ragewa ba ya cin ajiya. Wani kwandon ya iso a yamutse saboda rana, na sayi wani a kasuwa na ce naki ne. Ta ci loma biyu ta ce, “Inna, wannan ba na Zandam ba ne.” Ban sake ba.

Sikeli ya sauka har inda ake so. Ƙashin wuyan da kika yi ta jin tsoro ya fito, kuma ya yi mata kyau, kamanninki sak, abin haushi. Shekaranjiya da safe aka shiga da ita. Bayan an fito likita ya nuno mini tsakuwoyin a 'yar kwalba, kamar tsabar gujiya. Mijinta ya ce a ba shi ya ajiye, na ce ya ajiye kajinsa dai.

Yanzu tambayarki. Kada ki ɗauka ke kaɗai kike son sani. Na tsaya a kanta, na hana kowa matsowa, har ma'aikaciyar jinya ta ce Hajiya ki ba ta iska. Ta fara motsa baki. Na sunkuya na kara kunnena. Na ce a raina in ta ce Goggo, wallahi zan rubuta miki, amma sai bayan salla.

Ta buɗe ido, ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ce, “Tuwo.”

Na ce, “Na'am?” Ta ce, “Tuwon dawa.” Ta koma barci.

Haka aka yi. Ba ni ba, ba ke ba. Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye, masu jinya suna zaton wani abu ya faru.

Likita ya ce ta fara da ruwa-ruwa, in ɗinki ya kama za ta iya cin tuwo kaɗan da miyar da ba mai. Lissafina zai zo daidai da shigowar azumi, ita kuwa ba azumi a kanta bana. Yanzu ba sauran abin hanawa da yawa, za ki iya zuwa. Ɗakin yana nan a share. Ta tambaya ko za ki zo, ta tambaya tana kallon bango, irin naku. Tuwon farko ba zan yi shi ni kaɗai ba, kada a sake aiko mini da tambaya. Ki zo ki tuƙa, ni in yi miya.

Yayarki,
Turai

Zandam
Jajibirin azumi

Yaya Turai,

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na yi sujada a tsakar gida, kaji suna kallona. Malam ya yi sadaka da zakara, na kuma faɗa masa zancen kwalbar. Ya ce, “Mata dai!” Barkanmu da arziki, barka da jinya.

Zancen tuwo, na karanta wa Malama Hadijatu ta yi dariya har ta tashi aji. Ni ban yi dariya sosai ba. Na dai lura dawa ta ce. A gidanki shinkafa da masara kuke tuƙawa, mu ne masu dawa. Ban ce komai ba.

Ina tafe ranar kasuwa tare da Talatu, in Allah ya yarda. Ki faɗa mata kada ta tashi don ni, kada kuma ta sa rai zan yi surutu. Zan zauna daga bakin ƙofa, ya ishe ni. Zan zo da dawa sabon surfe, da kuka da daddawa. Ba mai, ba ƙuli, ki bincike kayana a zaure in kina so.

Amma rabon aikin da kika yi ban yarda ba. Kin ɗauka don na zo karatu a makare ba zan gane ba. Ba wanda ya taɓa cin abinci ya ce kai, wannan tuwo ya yi daɗi. Miya ake yabo.

Ke za ki tuƙa.

Safara'u